Zan iya canja famfon man Corolla da kaina a gida?

Tambayar ta fito daga wani bawan Allah da ke unguwar Yelwa a nan Garwa, arewacin Kamaru. Motarsa Toyota Corolla ce ƙirar 1995, mai injin 4A-FE. Ya ce da safe lafiya lau take tashi, amma in rana ta take kuma ya yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta fara fizga, ƙarfinta ya ragu, ta mutu a gefen hanya. In ya jira kamar rabin sa'a sai ta tashi tamkar ba abin da ya faru. Wata takwas ke nan da aka sa mata famfon mai, ga shi an ce masa ya sake mutuwa. Yana so ya san ko zai iya canjawa da kansa a gida, ya huta da kuɗin aiki.

Malam, za ka iya. A cikin motocin da ke yawo a garin nan taka tana cikin masu sauƙin wannan aiki, don masu ƙera ta sun bar wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin kujerar baya, ba sai an sauke tanki ba. Wanda hannunsa ya saba, sa'a ɗaya ta ishe shi. Kai da za ka fara, ka ware safiya guda. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne wata takwas ɗin nan. Famfon da motar ta zo da shi yakan yi shekara da shekaru bai ce uffan ba. In naka ya mutu kafin ya cika shekara, to ko jabu aka sa maka, ko akwai abin da ke kashe shi a cikin tankin, ko kuwa tun farko ba shi ne mai laifin ba. Ruwa ba ya tsami banza. Idan ka sa na uku ba ka gano dalilin ba, za ka nemi na huɗu kafin damina ta zagayo.

Ka fara da tuna yadda take mutuwa. Motar da mai ya yanke mata ba ta mutuwa farat ɗaya. Takan fara da jan ƙafa: ka taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tari, ta fizga, in ka sassauta ƙafa ta ɗan farfaɗo, a hawa abin ya fi tsanani, daga nan ta mutu a hankali kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Wadda wuta ta yanke mata kuwa kamar an kashe makulli ne, allurar agogon inji ta faɗi ƙasa nan take. Na kawo wannan ne saboda injin 4A-FE yana da wata cuta da ke kama da ciwon famfo sak. Bobin ɗinsa, wato abin da ke ƙarfafa wutar fulogi, a cikin delko mai rarraba wa fulogi wuta yake zaune, yana shan zafin inji shekara kusan talatin. In ya tsufa yakan tsage, ya yi aiki da sanyi, ya yanke in ya ɗau zafi, ya dawo in ya huce. Na sha karɓar motar da aka yi wa famfo biyu a jere alhali bobin ne ke wasa da hankalin mai ita. Don haka ka ajiye tsohon fulogi guda a mota. Ranar da ta mutu maka a hanya, tun da zafinta, ka zare wayar fulogi ɗaya, ka sa wannan fulogin a bakinta, ka kwantar da shi a jikin ƙarfen inji, wani ya murɗa makulli kana kallo. In ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle, wuta lafiya, mu koma kan mai. In babu, ka ƙyale famfo ya sha iska.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke yanke wa famfo hukunci bisa kuskure. Za a ce maka ka kunna makulli ka kasa kunne a bakin tanki, in ba ka ji ƙugi na daƙiƙa biyu ba famfo ya mutu. Wannan gaskiya ne a Peugeot da Volkswagen da Honda da wasu da dama. A tsohuwar Toyota irin taka ba haka ba ne. Akwai wani rile, wato ɗan makunnin lantarki mai aiki da kansa, a bayan dashbod da ba ya sakar wa famfo wuta sai inji yana juyawa, don in aka yi haɗari inji ya tsaya, mai ya daina kwarara. Ke nan shirun da ka ji bayan kunna makulli ba ya nuna komai. Abin da za ka yi, ka buɗe bonet ka nemi wani ɗan akwatin roba da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. A cikin murfin an zana sunan kowane rami. Ka sami guntuwar waya ka haɗa ramin +B da na FP, ka kunna makulli ba tare da ka ta da inji ba. Famfo mai rai zai yi ƙugi, har ka ji mai yana wucewa ta tiyo in ka riƙe shi da yatsa. Ka karanta murfin sau biyu kafin ka soka wayar, don ramukan suna kusa da juna kuma wasu kai tsaye suke tafiya kwamfutar mota. A akwatin nan dai, in ka haɗa TE1 da E1, fitilar inji da ke dashbod za ta riƙa ƙyafta maka lamba. In ta ba ka 12 ko 14, zancen delko ne da wutar fulogi.

Wannan guntuwar waya ita ce babbar shaidarka a kan hanya. Mota ta mutu, wuta na nan a fulogi, ka haɗa +B da FP ta tashi ta ci gaba da tafiya: rile ne ko wayarsa, famfonka bai yi laifin komai ba. Ka isa gida da ita haka, amma kar ka mayar da wayar ta zauna dindindin kamar yadda wasu direbobi ke yi, don ka cire kariyar da na ambata ke nan. Idan kuma ka haɗa ba ka ji ƙugi ba, duba fiyus mai suna EFI a akwatin fiyus na gaba, mai amfiya 15 ne. Yana lafiya? To ɗaga kujerar baya, ka zare soket ɗin famfo, ka duba bakinsa ko ya yi kore ko ya narke, ka auna da mita. Ya kamata ka sami kusan abin da batir ke bayarwa, volt 12 da 'yan kai. Awon da ya fi gaskiya shi ne wanda aka yi soket na haɗe, famfo na jan wuta. In a nan ka ga 9 ko 10, wata waya ta ci tsatsa a hanya, kuma ko sabon famfo ka sa zai yi ta nishi ne. Shi kansa famfon, tsakanin ƙafafunsa biyu, Toyota ta ce in an auna da mita a sami om 0.2 zuwa 3. Akwai kuma dabarar da kowa ya sani, a bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ko guntun katako yayin da wani ke murɗa makulli. In ta tashi da bugu, gawayin da ke cikin famfon ya cinye, kwanansa ya ƙare.

Ƙugi kaɗai ba ya nuna famfo na tura mai yadda ake so. Wannan sai agogon auna matsi, kuma ban ce ka saya don aiki ɗaya ba. Ka je garejin da ke da shi ka biya kuɗin awo kawai. A kan filta ake ɗaura shi. Injinka yana son matsin mai ya kai bar 2.7 zuwa 3 in famfo na aiki inji a kashe, ya sauko wajen 2.1 zuwa 2.5 in inji na sulo, kuma minti biyar bayan an kashe kada ya faɗi ƙasa da 1.5. In yana zubewa da sauri, shi ya sa mota ke daɗewa tana juyawa kafin ta kama in ta yi zafi. Kafin ma awon, yaushe rabonka da canja filtar mai? Gwangwanin nan da ke jikin bangon inji, can ƙasa, inda hannu ba ya son shiga, shi ya sa ake mantawa da shi. Filta da ta toshe tana ba da duk alamun da ka lissafa, kuma tana sa famfo ya yi ta turawa a kan ƙofa rufaffiya har ya ƙone. Wanda ya sa maka famfo wata takwas da suka wuce, in bai canja filta ba, rabin aiki ya yi.

Masu karatu da motocinsu ba irin wannan ba ne su lura. Mai kafireto, kamar Peugeot 504 da tsofaffin Starlet, yawanci famfonsa a jikin inji yake da noti biyu, inji ne ke motsa shi, kuma in fatar cikinsa ta huje fetur kan gangara cikin baƙin mai. Mai Peugeot 406 ya fara danna maɓallin nan da ke yanke mai in mota ta daki rami da ƙarfi. Mai Hilux ko Land Cruiser na gas kuwa, babban famfonsa ba aikin tsakar gida ba ne ko kaɗan.

To mu ce an tabbatar famfon ne. In za ka shago ka tafi da takardar mota saboda lambar shasi, in da hali ka tafi da tsohon a hannu, ka ce musu pompe à essence kake nema, guntun famfon kaɗai, don ƙarfen da yake zaune a kai ba ya lalacewa. Denso da Aisan su ne ke yi wa Toyota, Bosch ma ba laifi. Matsalar ita ce kwali ba shi da wuyar bugawa, kuma kasuwa cike take da kwalaye masu sunan kirki da tarkace a ciki. Ka ɗauka a hannu ka ji nauyi, ka duba rubutun da ke jikin ƙarfen ko a tsabtace aka buga shi, ka gwada tsayinsa da kaurinsa da bakin soket ɗinsa da na tsohon. In kuɗin ya yi arha har ka yi murna, ajiye musu kayansu. Ni a ra'ayina, famfon asali na Beljiyam da aka ciro daga mota mai tsabtataccen tanki ya fi sabon da ba a san uwarsa ba, muddin mai shagon ya yarda ka dawo da shi in bai kai matsi ba. Tare da shi ka sayi sabuwar rariya, wato 'yar jakar da ke gindin famfo, da filta da wosha-woshanta, da robar bakin tanki in an samu. Guntun tiyon da ke haɗa famfo da bututu a cikin tanki na musamman ne, an yi shi don ya kwana cikin fetur. Tiyon mai na waje in aka sa shi a ciki yakan kumbura ya yi laushi ya fashe, mota ta mutu alhali famfo na ƙugi.

Sai maganar da ta sa na fi jin tsoron wannan aiki a gida fiye da a gareji. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya gangara kwata, ya shiga ƙarƙashin ƙofa. Ina yaron gareji, wata rana muka buɗe tankin wata mota da hantsi. Can gefe, taku goma sha wani abu, akwai kurfotin shayi da kowa ya ɗauka ya mutu. Ban ga komai ba sai wata wuta shuɗiya siririya da ta taho a ƙasa kamar maciji, ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta faɗa kwanon da muka tara mai. Gashin girata da na hannuna suka tafi, maigidana ya kife kwanon da buhun yashi. Allah ya kiyaye, murfin tankin na rufe a lokacin. A gida kuwa akwai murhu, akwai turaren wuta, akwai janareta, akwai yaro da zai zo da ashana yana son ya ga abin da Baba ke yi. Ka fitar da motar fili inda iska ke kaɗawa, nesa da madafa, ka gaya wa uwargida kar a hura wuta sai ka gama. Ka yi da sassafe, don a watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura 40, fetur a buɗe tashi yake yi kana kallo. Ƙofofin mota huɗu a buɗe. Abin kashe wutar nan da jandarmomi ke tambaya a hanya, ranar amfaninsa ke nan: ka fito da shi daga but ka ajiye kusa da hannu, tare da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Haske kuma tocila mai batir, a kunna ta tun daga nesa.

Ka bari mai ya yi ƙasa da rabi kafin ranar. Gindin kujerar baya ƙugiya biyu ke riƙe da shi a gaba, ka fizge shi sama ya fito. Za ka ga faifan ƙarfe da 'yan sukurori, ka cire. Ta da inji, ka zare soket ɗin famfo yana cikin aiki, ka bar shi ya shanye man da ke bututu ya mutu da kansa. Haka ake sauke matsi, in ba haka ba fetur zai feso maka a ido. Kashe makulli, buɗe murfin tanki ya yi numfashi, cire kan batir na ƙasa, mai alamar ragi, ka kawar da shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba. Daga nan kar ka taɓa noti ko ɗaya sai ka share saman tankin. Ƙurar hunturu ta shekaru tana nan a kwance, jira take ka buɗe ta zuba ciki. Tsohon buroshin haƙori da tsumma mai ɗan danshi sun isa.

Bututun da ke fitar da mai shi ne inda sabon hannu ke yin ɓarna. Sifana biyu ake sa masa, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta juya. In ka juya da ɗaya kawai, bututun ƙarfen zai murɗe kamar igiya, aikin safiya ya zama na kwana uku. In ya cije, ɗiga masa mai ka ba shi lokaci, ka fara sassauta shi tun notocin faifan suna ɗaure. Tiyon da ke dawo da mai maɗauri ne kawai, ka yi masa alama don kar ka rikita. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance, daga ɗan nesa. Sannan ƙananan notocin da suka kewaye faifan. In sun fita, ɗago ƙarfen a hankali kana karkata shi, saboda hannun geji mai ƙwallo a baki siriri ne, in ya lanƙwashe gejinka ya fara ƙarya ke nan. Sa shi a kwano, rufe bakin tankin da tsumma mai tsabta, ka tafi da shi nesa da mota. Sauran ba wuya: zame gindin famfon daga kan robar da yake zaune, sassauta maɗaurin tiyo, zare waya. Rariya da ɗan ƙaramin kilif ake kama ta, sabuwar ta fuskanci inda tsohuwar ta fuskanta. Ka kula da ƙari da ragi, don in ka juya wayoyin famfo zai yi ƙugi lafiya lau amma baya yake juyawa. Kuma kar ka ɗana shi a batir a busashe don ka ji kukansa. Fetur ne man shafawarsa, ba ya son ya wuce 'yan daƙiƙu babu shi.

Kafin ka mayar, dubi tsohuwar rariyar da kyau, don ita za ta faɗa maka wanda ya kashe famfon. In fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, madalla. In ta yi ja kamar an tsoma ta a kunun kanwa, ko ka murza ta ka ji yashi a yatsa, amsar wata takwas ɗinka ke nan. Haska cikin tankin. Tankin motarka na ƙarfe ne, mai cin lita 50, kuma ruwa ya fi fetur nauyi, don haka duk ɗigon da ya taɓa shiga yana can ƙasa, daidai inda famfo ke zuƙa, yana cin ƙarfen a hankali. Ɗebo kaɗan daga can gindi da sirinji da siririn tiyo, ka zuba a farar kwalba ka ajiye minti biyar. Kwanakin baya na yi wa wata Carina haka a gaban mai ita. Kwalbar ta rabu uku: fetur a sama, ruwa mai kauri yatsa biyu a tsakiya, jan laka a ƙasa. Ya riƙe ta yana juyawa a rana, ya ce shi dai bai taɓa zuba wa motarsa ruwa ba. Na ce na sani, Alhaji, saya ka yi.

In ka ga irin wannan, kar ka sa sabon famfo a ciki. Dole tanki ya sauka, kuma a nan ne zan ce ka nemi wanda ya saba ya taya ka, don aikin ƙarƙashin mota ne, ba a yin sa a kan jak kaɗai. A zuƙe man da famfon hannu. Kar ka ja da baki kamar yadda yaran bakin titi ke yi, fetur in ya shiga huhu ba ƙaramin ciwo ba ne. A wanke tankin, a girgiza, a zubar, a maimaita har abin da ke fita ya fito fes, a shanya shi ya bushe ƙayau. In tsatsar ta kai tana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, nemi wani tankin a wurin masu kayan Beljiyam. In ya huje kuma, kada wani ya ce zai yi maka walda a kai don an ɗauraye shi da ruwa. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke saurin fashewa.

Daga ina dattin yake zuwa, kai ma ka sani. Ba zan ce maka ka daina shan zuwa-zuwa ba, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, don ni ma ina sha, kuma rabin garin nan da shi yake motsi. Fetur ɗin kansa daga gidajen man Najeriya ya fito, ba shi da aibi. Tafiyar da yake yi ce matsala: jarkar da ta ɗauki manja jiya, ganga mai tsatsa, kwalekwale a kan Binuwai da damina, kwalba a buɗe a bakin titi tana shan ƙura, mazurarin da ke kwance a ƙasa. Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ribar masu sayarwa ta ragu, kuma in riba ta ragu akwai wanda hannunsa zai kai ga kananzir. Ka tsayar da mutum ɗaya da ka yarda da shi. Ka ɗaga kwalbar ka kalli gindinta a rana kafin a juye. A tace da kyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, kuma ɗan ragowar da ke gindin jarka ka bar masa.

Abu na biyu da ke cin famfo a garin nan shi ne lita biyu-biyu. Famfon a cikin mai yake zaune, man ne ke sanyaya shi. Motarka kuma irin mai dawo da mai ce: abin da inji bai sha ba yana komawa tanki da zafin da ya kwaso. In lita uku ce kawai a ciki, ita ce za ta yi ta zagayawa tana ƙara zafi, ga kwalta na turo nata daga ƙasa, ga famfo na zuƙar iska a kowace kwana. Wannan ya yi daidai da abin da ka faɗa, lafiya da safe, mutuwa da rana. Na san abin da za ka ce, a Fabrairun 2024 lita ta kai sefa 840 a gidan mai. Amma lissafa: kwatan tankinka lita 12 ne da ɗoriya, wajen sefa dubu goma. Sau ɗaya za ka zuba shi ka mance da shi a ciki, ka ci gaba da sayen lita biyunka a kansa. Man da mota ke ci bai ƙaru ba, allurar ce kawai ta koma zama a kwata maimakon ja.

Wajen mayarwa, robar bakin tanki ta zauna daidai ba ta naɗe ba. Ƙananan notocin ka fara kama su duka da yatsa, sannan ka ɗaure su ɗaya nan ɗaya can tsallake, kaɗan-kaɗan, da ƙarfin wuyan hannu kawai, don saurin tsinkewa gare su. Bututun ma ka fara shigar da shi da yatsa ya yi zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa shi. Canja filta yanzu, kibiya ko rubutun da ke jikinta ya nuna maka inda mai ke fita, da sababbin wosha sama da ƙasa. Mayar da soket, share duk inda mai ya zuba, fitar da tsummokaran waje, ka bar motar ta sha iska kafin ka mayar da kan batir. Kar ka rufe faifan tukuna. Haɗa +B da FP, kunna makulli, ka bar famfo ya cika bututu, ka bi kowace mahaɗa da busasshen yatsa da hanci, ta baya da ta wajen filta. Ko danshi ka ji, kashe ka gyara. In ko'ina a bushe, cire wayar ka ta da inji, ka sake dubawa yana aiki.

Kujerar bayan ka bar ta a gida kwana biyu, don robar da ba ta zauna ba sai an cika tanki take nuna kanta, kuma warin fetur a cikin mota ba abin da za a ce a saba da shi ba ne. Gwajin gaskiya kuma ba zagayen unguwa da safe ba ne, tunda ciwon motarka na rana ne. Ka bari sai azahar ta yi, ka kama hanyar Pitowa da kwatan tanki ko fiye, fulogin gwaji da guntuwar wayarka suna aljihun mota. In ta kai ka ta dawo da kai ba ta yi tari ba, ka mayar da kujera. In ta sake mutuwa, tun kafin ta huce ka sauka ka duba tartsatsi.